A Ba 'Yan Mata Rabonsu A Filin Wasa

Ni malamar makaranta ce a nan Garki, kuma akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Fili ɗaya gare mu a makaranta. Da an kaɗa ƙararrawar wasanni sai maza su mamaye shi da ƙwallo, 'yan mata kuwa a miƙa musu tsintsiya, ko su zauna gindin darbejiya suna kallo. Da na yi magana sai aka ce ai ba filin da za a ba su.

To, bari in ba ku labarin wani wasa. A Amurka da Japan maza na yin besbol: a jefo ƙwallo, mutum ya doke ta da kulki, ya zagaya tashoshi huɗu da gudu. Mata kuma suka shahara a ɗan'uwansa, sofbol, wanda aka ƙago a Chicago a 1887. Ƙwallonsa ta fi girma, ana jefo ta daga ƙasa-ƙasa, kuma tsakanin tasha da tasha ƙafa 60 ne, na besbol kuwa 90. A Japan wasan har ya zama sana'a, kamfanoni irin su Toyota da Honda suna da ƙungiyoyin mata, an kuma buɗe musu sabuwar gasa a 2022. Amurka ma ta kafa tata sabuwa a 2025.

Ga inda darasin yake. A wasannin Olamfik na Tokyo a 2021, a filin Yokohama aka yi wasan maza, a nan kuma aka yi na mata. Matso da tashoshi kawai aka yi, aka kafa shinge na wucin gadi. A nan matan Japan suka ci Amurka biyu da nema, tare da Yukiko Ueno mai shekara 39. In ƙasa mai arziki kamar Japan ta raba fili ɗaya, mu me zai hana?

Na san wasu iyaye za su ce ina kunya, ina tarbiyya? Gaskiyarku, ni ma ba na son a ga 'yarmu cikin shigar banza. Amma maganin wannan yana hannunmu. A ware wa 'yan mata kwana biyu a mako, malamai mata su kula da su, su sa dogon wando da riga mai rufe jiki, a tashi kafin magariba. Kada mu manta, iyayenmu sun yi gaɗa da 'yar gala-gala a dandali, ba su kuma rasa miji ba. Yarinyar da ke yawon talla har dare cikin tasha ta fi shiga haɗari a kan wadda ke gudu a gaban malamarta.

Don haka ina roƙon hedimastoci da hukumar ilimi ta Jihar Jigawa a Dutse su sa wannan cikin jadawali. Ku iyaye mata, ku ɗauke wa yarinya aikin yamma a ranar wasanta. Ku kuma 'yan makaranta, in an ba ku fili kada ku tsaya noƙe-noƙe. Lafiya uwar jiki, kuma yarinyar yau ita ce za ta ɗauki ciki da goyo gobe.

Allah ya raya mana su, amin.