Karatun likita: ɗan ƙasa biyu, wace ƙofa zai bi?

Daga Maraɗi zuwa Katsina, daga Ƙonni zuwa Sakkwato, muna da yara da dama masu takardun zama ɗan ƙasa na Nijar da na Nijeriya. Tun 2014 dokar Nijar ta yarda da hakan. Amma in lokacin neman karatun likita ya zo, kowace ƙasa da nata sharaɗin.

A jami'o'in Yamai, Maraɗi da Damagaram, sai da bakaloreyar kimiyya, kuma da Faransanci ake karatu. A Nijeriya kuwa, sai da sakamakon WAEC ko NECO da jarrabawar JAMB, wadda ba a rajistarta sai da lambar NIN. Gurabe kaɗan ne, masu nema tuli.

Inda gizo ke saƙar shi ne takardu: nan an rubuta Ousmane, can Usman, wani lokaci ranar haihuwa ma daban. Wannan kaɗai kan iya cinye wa yaro shekara guda.

Don haka iyaye, na gida da mazauna waje, mu zaɓar wa yaro hanya tun yana koleji, mu daidaita takardunsa da wuri. Asibitocin karkararmu na jiran waɗannan likitoci.