Kama da Wane Ba Ta Wane

 Wannan makon zancen ƙafar babur zan yi, domin saura ƙiris ta ja mini asarar ɗa.

Watan jiya ɗana ya faɗa rami da Boxer ɗin da yake kai wa masu saye albasa a nan Kumasi, ƙafar gaba ta lanƙwashe. Da na ji kuɗin sabuwa sai na ja da baya. Na shiga Suame na samo ta hannu, ta wani samfurin babur daban, a rabin kuɗi. Bakanike ya jujjuya ta ya ce, "Alhaji, wannan fa ba tasa ba ce." Na ce, "Kai dai ɗaura, ai ƙafa ƙafa ce."

Kwana uku tsakani, yaron na gangarowa da buhu biyu, ya matse birkin hannu, bai kama ba. Allah Ya tsare, gwiwa kawai ya kurje. Ashe takalmin birkin bai zauna daidai cikin kwanon sabuwar ƙafar ba, gefe kawai yake taɓawa.

Ga abin da bakaniken ya zaunar da ni ya koya mini. Da farko duba lambar jikin taya. In ka ga 2.75-17, to 17 ɗin nan girman ƙafar ne da inci. Mai 17 da mai 18 ba sa musayar taya. Sai kaurin ƙarfen da ke ratsa tsakiyar ƙafa: wani milimita 12 ne, wani 15. In ramin boris ya fi shi faɗi, ƙafa rawa za ta riƙa yi. Kwanon birki ma akwai mai milimita 110, akwai mai 130. In kuwa ƙafar baya ce, dole haƙoranta su hau layi ɗaya da sarƙa, in ba haka ba sarƙa ta zame ana cikin gudu.

Ba wai musayar ba ta yiwuwa ba ne. Tana yiwuwa, amma da awo, ba da ido ba. Ka tafi kasuwa da tsohuwar ƙafar a hannunka, a gwada a gabanka.

Ni dai na sayi sabuwar daga baya, ga kuɗin magani, ga faɗan uwar yaro. Araha ba ta ado.

Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.