Filin Mata: Daɓe, Siminti ko Tayil?



Cikin takardun da suka iso mini makon jiya akwai ta wata yayarmu daga ƙasar Gagarawa. Ta ce maigidanta ya gaji tsohon gidan ƙasa na mahaifinsa, ɗaki uku da zaure. Sun sayar da riɗin bana, an gyara rufi, an yi yaɓe, abin da ya saura a hannu kaɗan ne. Ƙasan ɗakunan kuwa duk ya farfashe, in ta yi shara sai ta kwashe ƙasa rabin kwano. Ƙawayenta sun ce ta matsa a sa tayil, ko da a ɗakinta kaɗai, don shi ake yayi. Uwar mijinta ta ce a sake daɓe yadda aka saba. Maigida ya ce wanda duk ta zaɓa. Shi ne take tambaya, wanne za ta ɗauka?

To, Yaya, kafin ki zaɓi abin da baƙi za su gani, ki fara duban abin da ke ƙarƙashinsa, domin can ne kuɗin mutane ke salwanta.

Kun san irin ƙasarmu. Daga Gumel har Maigatari, ka juya Sule Tankarkar ka dawo Gagarawa, yawancinta jigawa ce, rairayi zalla. Rairayi yana shanye ruwa da sauri, wannan alherinsa ke nan, amma ba ya tsayawa wuri ɗaya in ba a danne shi ba. Ɓera ya haƙa, gara ta yi hanya, tururuwa ta yi gida, sai ƙasa ta lotsa, abin da aka ɗora bisanta ya tsage, ko na nawa ne. Sa'an nan ga wata cuta ta tsofaffin gidaje. Shekara da shekaru yaɓe na zubowa, iska na tara yashi, har tsakar gida ta fi ɗaki tudu, a riƙa gangarawa in za a shiga. Da ruwa ya sauko sai ya kwanta a gindin bango, shi kuwa bangon ƙasa ta gindi yake mutuwa. Ba mu manta da damunar 2022 da ta 2024 ba, yadda gidajen ƙasa suka yi ta zubewa a Jihar Jigawa.

Saboda haka aikin fari shi ne ciko. A kwashe tsohon daɓen da ya ruɓe, amma kada a haƙa har a wuce gindin bango. A bi sawun gara a tone gidanta. Kāna a riƙa zuba ƙasa mai ƙarfi kaurin yatsa huɗu, a yayyafa ruwa, a kirɓa, a sake zubawa, a sake kirɓawa, har ƙasan ɗaki ya fi tsakar gida tudu da inci 6. In ƙofar gajera ce, ciko zai sa a riƙa buga goshi, to, a rage tudun tsakar gidan, a buɗe rariya, a sa dutse inda indararo ke zuba. Wannan duka aikin ƙarfi ne, samarin gida sa yi shi cikin kwana biyu in an dama musu fura. Amma lebura ɗan kwangila ba zai yi shi yadda ya kamata ba sai ana tsaye a kansa, don ya san ba mai ɗaga siminti ya leƙa.

Yanzu mu zo kan daɓe. Ina jin takaicin yadda 'yan'uwana da muka yi makaranta tare suke yamutsa fuska in an ambace shi, sai ka ce ba a kansa muka yi rarrafe ba. Ai siminti baƙo ne. Ba a fara yinsa a Nijeriya ba sai 1957, a Nkalagu, na Sakkwato kuwa sai 1967. Kafin nan, in ba gidan gwamnati ko na wani attajiri ba, soro da turaka da ɗakin amarya duk daɓe ne, aikin hannun mata.

Ga yadda iyayenmu ke yinsa, don waɗanda ba su taɓa gani ba. A samo marmara ko jar ƙasa mai danƙo, a gauraya da ƙananan tsakuwa, a baje, a jiƙa. Sai a yi gayyar mata, kowace da maɗaɓinta, su durƙusa a jere suna duka suna waƙa har ƙasa ta haɗe ta yi sumul. Ana yi ana yayyafa ruwan makuba, watau ɓawon ɗorawa da aka jiƙa har ruwansa ya yi ja, shi ke ƙara wa daɓe tauri ya hana shi shan ruwa. Inda ɗorawa ta yi wuya, kamar nan arewacinmu, akan jiƙa bagaruwa, wadda majema ke jima da ita. Ba a gama shi rana ɗaya. Gobe a koma, a duba inda ya tsage a sake duka, har ya daina buɗe baki.

Daɓe yana da wani hali da ya dace da tsohon gida: danshi na fita ta jikinsa a hankali ya bushe. In ya fashe ke da kanki za ki gyara, ba ki jiran birkila. Da hunturu ba ya ɗaukar sanyin da siminti ke ɗauka. Har a ƙasashen waje an komo kansa. A Ruwanda, tun 2014, wani kamfani mai suna EarthEnable yake yi wa talakawa daɓen ƙasa, ya shafe shi da wani mai da ke bushewa ya yi tauri, har a iya wanke shi da ruwa. Wahalarsa a wurinmu ita ce ƙasar yinsa, domin rairayi ba ya daɓuwa ko za a kwana ana duka. Sai an ɗauko daga nesa a amalanke, kuɗin ɗaukowa kuwa a sa shi cikin lissafi.

Amma fa akwai inda ba zan goyi bayan Inna ba. Daɓe in an ƙyale shi ya fashe ya koma turɓaya, turɓayar ɗaki kuwa maɓoyar ƙuma ce da ƙwan tsutsar ciki. Yaro mai rarrafe hannunsa daga ƙasa sai baki. A ƙasar Meziko, daga shekarar 2000, gwamnatin wata jiha ta shiga zuba wa talakawa siminti a ɗakunansu na turɓaya. Masana suka bi gidajen suka auna yara, suka fitar da sakamako a 2009. Suka ce inda aka rufe turɓaya duka, tsutsar ciki ta ragu da kashi 78 cikin 100, gudawa da kashi 49, ƙarancin jini da kashi 81. Kun ji fa. Ɗakin da jariri ke kwana, da inda ake ajiye kwanukan abinci, suna son ƙasan da za a wanke da sabulu.

Nan siminti ya shigo. Tsadarsa ba ɓoyayya ba ce, a farkon 2024 buhu guda ya haura naira 10,000, shi ya sa birkila kan so ya ja buhu biyu su yi aikin biyar. Kada ki yarda. Siminti mai kaurin farce kyan ɗan maciji ne, kafin shekara ta zagayo ya ɓare kamar ƙanzo, ki rasa daɓe ki rasa siminti. Ki riƙe waɗannan a ka. Buhu kilo 50 ne, yana cika kwanon sarki biyu. In za a kwaɓa ɗaya bisa huɗu, kowane buhu yashi kwano takwas ke nan, ba goma sha biyu ba. Ɗaki mai ƙafa 12 tsawo, 12 faɗi, in an zuba kaurin inci 2, zai ci wajen buhu biyar. In birkila ya ce biyu sun isa, ki ce masa ta bakin maigida, "Malam, a bari sai mun cika biyar ɗin."

Yashin ma a duba shi. Rairayin bayan gari ya cika laushi, yana cin siminti ya bar tsaga. Mai kaushi ake so, marar ƙasa. 'Yan makaranta, ga aikinku: ku zuba yashin rabin kwalba, ku cika da ruwa, ku girgiza, ku ajiye ya kwana. Yashi zai zauna ƙasa, laka ta kwanta bisansa. In lakar ta kai ɗaya cikin goma na tsawon yashin, ku gaya wa Baba kada ya biya. Ruwan kwaɓi kuma ya zama wanda za a iya sha, ba mai kanwa ba.

Abin da ya fi duka muhimmanci kuwa kyauta ne, kuma a hannun mata yake. Siminti ba bushewa ke ƙarfafa shi ba, ruwa ne. Mu kuwa da kaka muke aiki, lokacin da kuɗin riɗi da zoɓo suka shigo, daidai sa'ad da iskar hunturu ke tsotse komai. Washegarin zubawa a rufe shi da tsofaffin buhuna, a riƙa jiƙawa safe da yamma har kwana bakwai, a rufe ƙofa da taga. Ba ya kai cikakken ƙarfinsa sai kwana 28, saboda haka kada a yi gaggawar jawo gado da kabad a kansa.

Sai dai ki sani, siminti toshe ƙasa yake yi. Danshin da ke fita ta daɓe, in ya rasa hanya, bango zai bi, sai ki ga gindin bango ya yi fari-fari yana marmashewa. Shimfiɗa baƙar leda kafin a zuba yana hana danshi hawowa ɗaki, amma ba ya ceton bango. Abin da ke cetonsa shi ne a kori ruwa daga bayan ɗaki tun farko, kamar yadda na faɗa a sama.

Ledar ɗaki ba ni da dogon zance a kanta. Bisa busasshen siminti mai sumul tana da kyau, ga saukin gogewa. Bisa daɓe kuwa kada ki kuskura. Tana riƙe danshi, ɗaki ya yi warin ruma, gara ta yi biki a ƙarƙashi ba ki sani ba, ƙafar gado ta huda ta. In ado kike so a kan daɓe, tabarmar kaba ta fi, ki kakkaɓe ki shanya.

Tayil fa? Ban ƙi shi ba, amma ba ya tsayawa da ƙafarsa, sai an yi ciko, an zuba siminti, kāna a ɗora shi, watau kuɗi uku ke nan. Mai ƙyalli in ya jiƙe santsinsa na kayar da tsohuwa da mai ciki, karayar ƙugu kuwa ta fi kuɗin ɗakin duka. Ga sanyi da hunturu. Wadda ta sami hali ta sayi mai kaushi, ta ƙara ɗaya bisa kowane goma don yanka da fashewa, in an gama ta bi shi da makulli tana ƙwanƙwasawa, wanda ya yi ƙarar ganga ba siminti a ƙarƙashinsa, a cire a sake kafin a sallami mai aiki. Akwai kuma fasasshen tayil da masu shago ke sayarwa da araha, in an jera shi cikin siminti yana ƙarko ƙwarai a bakin ƙofa da wurin wanke-wanke.

To, Yaya, da ni ce ke, ga yadda zan raba abin da ya saura. Ciko da rariya a yi wa gida duka, ba ragi. Siminti mai kauri a ɗaki guda, wanda yara ke kwana, in da rara a zuba a gindin randa da makewayi, a karkata shi wajen rariya. Ɗakin Inna a kira gayya a yi mata daɓenta, ita ce ma za ta nuna muku hannu, ku 'yan mata kuma ku je ku durƙusa ku koya tun masu iyawa na da rai. Zaure ya jira kaka mai zuwa. Simintin da aka zuba da kyau bana, ran da Allah ya hore, a kansa za a ɗora tayil ɗin ba sai an fasa komai ba. In ƙawayenki sun tambaya, ki ce musu kina kan hanya.

Ga lissafi ga 'yan aji shida: ɗaki ƙafa 12 da ƙafa 12 ya yi murabba'in mita 13 da ɗan ɗori. In tayil guda santimita 40 ne ta kowane gefe, guda nawa za a saya har da na fashewa? Ku aiko da amsa tare da sunan makarantarku. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi zancen gara da azara.