Tsutsar Kaka a Tsakiyar Damina: Ɓarnar Fassarar Hannu Uku

A farkon shekarar 2016 masu bincike na cibiyar IITA suka tabbatar da cewa wata baƙuwar tsutsa ta shigo Afirka ta Yamma, kuma Jamhuriyar Benin tana cikin ƙasashen farko da aka gan ta, tare da Nijeriya da Togo. Ba a jima ba ta isa gonakin masara na arewacin ƙasar, inda Turu take, ƙauyen nan na bakin Paraku a kan hanyar Jugu. Masana kimiyya suna kiranta Spodoptera frugiperda. Asalinta nahiyar Amurka ce, inda manoman Meksiko da Honduras da Kolombiya suka daɗe suna fama da ita, saboda haka babban kaso na abin da aka sani game da yaƙi da ita a gonar talaka da Sifaniyanci aka fara faɗarsa. Kafin wannan sani ya iso kunnen mai jin Hausa, sai ya bi ta Ingilishi, wani lokaci ya ƙara bi ta Faransanci. A wannan doguwar hanya ce kaya suke zubewa, kuma mai fassarar Hausa da ya karɓi ragowar bai tambaya ba yana da nasa kason laifin.

A dubi sunan tsutsar kawai. Manomin Latin Amurka yana ce mata «gusano cogollero». Kalmar «cogollo» tana nufin zuciyar masara, wato mazurarin nan na tsakiya da sababbin ganye suke fitowa daga cikinsa. Sunan da kansa darasi ne: ya gaya wa manomi inda zai leƙa, inda tsutsar take ɓuya da rana, da inda zai zuba magani. Da aka zo Ingilishi sai ta koma «fall armyworm». Amurkawa sun sa mata wannan suna ne domin ba ta iya jure sanyin arewacin ƙasarsu. A kudancin Texas da Florida take wuce lokacin sanyi, sannan ta yi ta hawa arewa har ta isa can a ƙarshen lokacin zafinsu. Sunan yana ba da labarin yanayin wata ƙasa ne, ba ya cewa komai game da inda tsutsar take ɓuya. Faransanci ya kwafi Ingilishi ya ce «chenille légionnaire d'automne». Ɗalibin da ya buɗe ƙamus zai tarar an fassara wannan lokaci na Turawa da kaka, sai ya rubuta «tsutsar soja ta kaka», ya ga ya yi aiki.

To, me manomi zai fahimta da tsutsar kaka? Kaka a wurinsa lokacin girbi ne, lokacin da ruwa ya ɗauke, masara ta bushe a karanta. Tsutsar nan kuwa ɓarnarta mafi muni a makonnin farko bayan tsiro take yinta, damina tana tsakiya. Uwarta tana saka ƙwai ɗari zuwa ɗari biyu a gungu ɗaya, kuma a ƙasa mai zafi kimanin wata guda ya ishe ta daga ƙwai zuwa sabuwar uwa. Wanda aka gaya wa ya jira ta da kaka, an ce masa ke nan ya rufe ƙofa bayan ɓarawo ya fita. Da mai fassara ya koma ga sunan farko, da ya sami abin da Hausa take iya ɗauka ba wahala: tsutsar zuciyar masara. Ko wannan ma sai an yi hattara, domin akwai tsutsar kara wadda aka saba da ita tun da can, mai huda kara ta shige ciki. Dole a bambanta su da alamar baƙuwar, wato ɗigo huɗu baƙaƙe da suka yi murabba'i a kusa da wutsiyarta. Amma aƙalla suna ne da yake kai ido inda ya kamata. Dabarar zuba toka ko yashi ko ƙasa a cikin zuciyar masara, wadda hukumar FAO ta sa a littafin jagoranta na manoman Afirka a 2018, daga ƙananan manoman can aka gaje ta, kuma ba ta da ma'ana ga wanda sunan bai nuna masa zuciyar ba.

Matsalar lokaci ba a nan ta tsaya ba. Manomin Amurka ta Tsakiya yana kiran lokacin ruwa «invierno», lokacin fari kuma «verano». A Sifaniya kanta waɗannan kalmomi suna nufin lokacin sanyi da lokacin zafi, haka kuma ƙamus yake ba da su. Mai fassara zuwa Ingilishi da bai san gona ba sai ya rubuta «winter», na Hausa ya karɓa ya rubuta hunturu. An wayi gari takarda tana cewa a shuka masara da faɗuwar hunturu, alhali mai maganar farko damina yake nufi. Abin lura shi ne, manomin Honduras da manomin Turu shekararsu iri ɗaya ce a tsari: ruwa da fari. Sun fi kusa da juna fiye da yadda kowannensu yake kusa da manomin Ingila. Harshen da aka sa a tsakaninsu shi ne baƙo a wannan zance, shi ne kuma aka ba amanar tafinta.

Haka abin yake a sunayen amfanin gona. «Frijol» yakan zama «bean», shi kuma ya zama wake. Amma waken Bahaushe, wanda masu Faransanci na yankin suke kira «niébé», jinsinsa dabam ne da na Meksiko. Ƙwarin da ke cinsu da yadda suke jure fari duk sun sha bamban. «Camote» dankalin Hausa ne, amma Amurkawa da yawa suna ce masa «yam», sai ya iso Hausa a matsayin doya, a ƙasar Bargu kuwa, inda sakwara take da daraja, wannan kuskure abin dariya ne. «Yuca» rogo ne, amma ana ƙara masa harafi ɗaya ya koma «yucca», wani tsiron ado mai ganye kamar takobi da ba ruwansa da garin kwaki.

Wanda ya fi waɗannan haɗari shi ne abin da manoman arewacin Honduras suke kira «frijol de abono», waken taki. Suna shuka shi ne ya rufe ƙasa, ya kashe ciyawa, ya ruɓe ya zama taki. An kawo irin wannan dabara kudancin Benin a ƙarshen shekarun 1980 domin yaƙi da tofa. Mai fassarar da ya rubuta waken taki bai yi ƙarya a kalma ba, amma duk abin da aka kira wake, Bahaushe ya ji tukunya ke nan, ga shi kuwa ƙwayar wannan tsiro tana da sinadarin da ke cutarwa idan ba a sarrafa ta sosai ba. Da ya nemi sunan kimiyya, Mucuna pruriens, da ya gane ɗan gida ne: karara ce. A nan ma akwai wani rami, domin manomin da aka ce wa ya shuka karara a gonarsa zai ɗauka an raina masa hankali, tunda ya san ƙaiƙayinta. Aikin mai fassara shi ne ya ce karara ce ta gida wadda ba ta da gashin ƙaiƙayi, ana shuka ta don ƙasa, ba a dafa ta kamar wake. Jimla ce doguwa a maimakon kalma biyu. Ɗalibin da aka koya wa cewa gajarta ita ce gwaninta zai ƙi ta, kuma zai yi kuskure.

Ma'auni ma ba su tsira ba. A Amurka ta Tsakiya ana auna gona da «manzana», kimanin kashi 7 cikin 10 na hekta, kalmar da ƙamus zai fara fassara ta da tuffa. Ana auna taki da «quintal», kimanin kilo 46. Mai karatu da Faransanci a Paraku shi ma ya san «quintal», amma nasa kilo 100 ne. Shawarar da ta ce a zuba biyu, wato abin da bai cika buhu biyu na kilo 50 ba, sai ta koma buhu huɗu. Wanda ya san kuɗin buhun takin zamani ya san wannan bai tsaya a kuskuren alƙalami ba. Bashi ne a wuyan mai gona.

Za a ce, ina ruwan Hausa da wannan a Benin, tunda manomin Turu Barganci yake yi, kasuwar Jugu kuma Dandanci ya fi yawa a cikinta? Gaskiya ne Hausa ba ita ce harshen gida na mafi yawan manoman ba. Amma tun zamanin fataken goro da suke ratsa Jugu tsakanin Kano da Gwanja, Hausa take zaune a zangunan waɗannan garuruwa, kuma har yau tana da ƙarfi a cinikin hatsi da dabbobi da kayan da ke ƙetarowa daga Nijeriya. Maganin feshi da yawa da ke shigowa ta wannan hanya da Ingilishi aka rubuta bayaninsa, malamin gona na hukuma da Faransanci aka horar da shi, mai sayarwa kuma sau da yawa da Hausa yake bayani. Shi ne mai fassara na ƙarshe, ko da bai taɓa shiga aji ba. Abin da ’yan boko suka sa a rediyo da takarda shi yake isa bakinsa.

Za a kuma ce masu fassarar Hausa da suka iya Sifaniyanci ba su da yawa, don haka bi ta Ingilishi ya zama dole. Ya zama dole a karanta Ingilishi, amma bai zama dole a yi masa biyayya ba. Akwai gada da ba ta ratsa London ba: sunan kimiyya. Tun 1916 Dalziel ya buga ƙamusinsa na sunayen tsirrai da Hausa tare da takwarorinsu na Latin, kuma ƙamusun Bargery na 1934 cike yake da kalmomin noma da ɗaliban yau ba su taɓa ji ba. Jami'ar Paraku, wadda aka kafa a 2001, tana da tsangayar aikin gona. Bayan duk wannan akwai hoto, akwai kuma tsohon manomi da za a nuna wa hoton a tambaye shi sunan abin. Wanda bai bi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, kada ya ce harshe ne ya gaza.

Tushen ciwon yana cikin yadda ake koyar da fassara. Ana horar da ɗalibi da labarin majalisa da jawabin gwamna, ya ƙware a kasafin kuɗi da ƙuri'ar raba gardama, ya kammala digiri bai san bambancin firi da maimai ba. Ingilishi yana da kalma ɗaya ta cire ciyawa, shi ma sai ya riƙe ɗaya, ya bar biyun da kakansa ya gada. Bai san binne ba, shukar da ake yi a busasshiyar ƙasa kafin ruwa ya sauka. Bai san saura ba, gonar da aka bari ta huta, wadda Sifaniyanci yake kira «barbecho». Idan ya ci karo da «milpa», gonar Meksiko da ake haɗa masara da wake da kabewa a cikinta, sai ya karɓi «cornfield» ya rubuta gonar masara, ya shafe haɗin da shi ne ruhin kalmar, alhali gonar mahaifinsa ta gero da dawa da wake a kan wannan hikima aka gina ta. Irin wannan ɗalibi ne ake miƙa wa takardar tsutsa a watan Yuni, masara tana da ganye shida, a ce ya mayar da ita Hausa kafin gobe.