Idan rijiyar mai ta yi ɓarna, wa zai biya?

Tun da aka buɗe matatar SORAZ a kan hanyar Tanut cikin watan Nuwamban 2011, mutanen Damagaram sun haddace lissafin mai: ganga dubu 20 a rana, bututu daga Agadem, kashi 60 na kamfanin CNPC na ƙasar Sin, kashi 40 na Nijar. Takardar da ba a cika zancenta ba ita ce wadda ke tsakanin babban kamfani da 'yan kwangilarsa. Mai lasisi ba shi ke yin kowane aiki da hannunsa ba. Wani ke haƙa rijiya, wani ke zuba siminti, wani ke jigilar ruwa da gazal, wani ke kawo leburori. A kowace yarjejeniya akwai sharaɗin da ya faɗi wanda zai ɗauki asara idan mutum ya ji rauni ko mai ya malale.

Tsarin da masu haƙar mai suka fi bi a duniya shi ne kowane ɓangare ya ɗauki nauyin mutanensa da kayansa, ko laifin na wane ne. Tsakanin manyan kamfanoni masu inshora wannan yana rage shari'a, kuma ban ga aibinsa ba. Matsalar tana can ƙasa, wajen ƙaramin ɗan kwangilar da jarinsa bai wuce motoci biyu da ofishin haya ba. A ce matashi daga Zermu ko Mirriya ya karye a bakin aiki. Babban kamfani zai ce ba ma'aikacinsa ba ne, ƙaramin ya ce ba shi da hali, a duba kuma a tarar ba a taɓa yi wa yaron rajista a CNSS, asusun inshorar ma'aikata, ba. Jinya ta koma kan dangi da asibitin gwamnati.

Masu cewa sa ido a kan waɗannan takardu yana da tsada gaskiya suka faɗa. Ana bukatar lauyoyin da suka san harkar, masu iya karanta yarjejeniya da Faransanci da Ingilishi, wani lokaci har da Sinanci. Ana bukatar injiniyoyi, da motocin da za su iya rairayin Termit, da wurin gwajin ruwa da ƙasa. Ga kuma albashi: da zarar ma'aikaci ya ƙware, kamfanin da yake bincika zai iya ninka masa abin da gwamnati ke ba shi.

To amma mun ga tsadar rashin yi. A Akokan, kamfanin COMINAK ya rufe mahaƙarsa ta yuraniyam ranar 31 ga Maris 2021. Ma'aikatansa na dindindin, kusan 600, sun sami kuɗin sallama. Ɗaruruwan da suka shiga rami ɗaya da su ta hannun 'yan kwangila ba su sami irin wannan ba, alhali ƙura ɗaya suka shaƙa. An kuma bar tsibin sharar da aka ƙiyasta ta kai tan miliyan 20 a gefen gari. Maƙwabciyarmu Chadi kuwa ta dakatar da CNPC a 2013 bayan jami'anta sun je da ƙafarsu sun ga ɗanyen mai a ramuka. Ta ci shi tarar dala biliyan 1.2, aka daidaita a kan miliyan 400 a 2014. Ko Amurka, bayan fashewar dandamalin haƙar mai na Deepwater Horizon a 2010 wadda ta kashe mutum 11, sai 2014 alƙali ya raba laifi: kashi 67 ga BP mai lasisi, sauran ga 'yan kwangilarsa: 30 ga Transocean, 3 ga Halliburton. Ƙasa mai dubban lauyoyi ke nan ta yi shekara huɗu tana warware ƙullin 'yan kwangila. Mu ba mu da wannan ƙarfin, don haka rigakafi ya fi mana magani.

Hanya mafi arha ita ce a tsaya kai da fata kan ƙa'ida ɗaya: mai lasisi shi ke da alhaki gaban gwamnati da gaban wanda aka cuta, ko me ya sa wa hannu da ɗan kwangilarsa. Ya biya tukuna, daga baya su je su yi lissafinsu. Da wannan, ba sai jami'i ya bi kowane shafi ba. Abin da zai nema shi ne shaidar inshora, da rajistar ma'aikata, da kuɗin gyaran wuri da aka ajiye a asusun da kamfani ba ya iya taɓawa shi kaɗai.

Kuɗin binciken ma ya fito daga masu lasisi, amma ta hanyar baitulmali. Jami'in da ya hau motar kamfani, ya kwana a masaukinsa, ya karɓi guzuri daga hannunsa, da wuya ya rubuta rahoto mai zafi.

A Maris 2025 hukumomin Nijar sun kori shugabanni 'yan Sin uku na CNPC da kamfanin bututu WAPCO da SORAZ, musamman kan bambancin albashi tsakanin 'yan ƙasa da baƙi, abin da ya nuna za a iya tsawatawa idan an so. Abin da nake nema a kasafin kuɗi mai zuwa bai kai wannan ƙara ba: ofishin bincike a nan Damagaram, mai motarsa da man motarsa, wanda lebura zai iya shiga ya kai ƙara ba sai ya yi tafiyar kusan kilomita 900 zuwa Yamai ba.