Kiɗan da Ba Ka Naɗa Ba, Ba Naka Ba Ne Tukuna

'Yan uwa masu haɗa kiɗa a ɗakunan kwanan ɗalibai da gidajen hayar bayan makaranta, yau da ku nake. Na san kuna da yawa ko da ba kowa ke bayyana kansa ba. Akwai mai yi wa 'yan takarar ƙungiya waƙar kamfen, akwai mai haɗa kiɗan biki don ya samu na handawut, akwai kuma wanda ransa ne kawai ke so. Da yawanku kuna da tsohon akwatin sauti na hannu, wanda furodusoshi ke kira modul, ko kibod ɗin Yamaha PSR da aka gada wajen wani yaya, an jona da laftof an ce an buɗe situdiyo. Ba ni da ja a kan wannan. Inda nake da ja shi ne yadda ake barin waƙa a cikin akwatin, a rufe laftof a tafi lakca, ana ganin an gama aiki.

Bari mu fara daga tushe, saboda 'yan aji ɗaya. Modul kibod ne da aka cire wa madannai, aka bar cikinsa kawai, wato muryoyin kayan kiɗa. Roland SC-55 ya fito a 1991, JV-1080 a 1994, daga baya aka samu irin su Triton Rack na kamfanin Korg da kuma Proteus 2000. Akwatin ba ya kiɗa da kansa, sai an aika masa umarni ta hanyar da ake kira MIDI, wadda kamfanonin kayan kiɗa suka amince da ita tun 1983. To a nan ne ake yin tuntuɓe: babu sauti ko ƙwaya ɗaya da ke bi ta wayar MIDI. Abin da ke bi saƙo ne, danna madanni mai lamba 60 da ƙarfi kaza, sake shi, koma murya ta goma. Waɗannan 'yan sandunan da kake jerawa a FL Studio ko Cubase umarni ne kawai. Sautin kansa ta bayan akwatin yake fita ya tafi lasifika, kwamfutarka ba ta taɓa jin sa ba. Shi ya sa mutum zai kwana yana aiki, ya fitar da waƙa ya tura wa mawaƙi ta WhatsApp, mawaƙin ya bugo yana tambaya ina gangar take, ina bes, shi muryarsa kawai yake ji.

Wannan ma mai sauƙi ne, don ana gane shi nan take. Wanda ya fi ciwo shi ne wanda sai bayan wata shida yake bayyana. Fayil ɗin da babu komai cikinsa sai MIDI bawan akwatin ne. Ranar da akwatin ya tafi, waƙar ta tafi. Kuma hanyoyin tafiyarsa suna da yawa. Na aro ne, mai shi ya gama makaranta ya kwashe kayansa. Ko janareta ya yi tsalle ya ƙona shi. Ko kuɗin rajista ya matso aka sayar. Akwai ma wata hanyar da ba a cika lura da ita ba: yawancin tsofaffin akwatunan nan suna riƙe muryoyin da ka gyara da hannunka ne da wani ɗan batir mai faɗi kamar kwabo, irin CR2032 ɗin da ke cikin kwamfuta. Akwatin da ya shekara talatin, batirin nan yana bakin gaɓa. Ranar da ya mutu, algaitar da ka ɓata sati kana gyarawa har ta yi kama da ta gidan sarki ta ɓace, sai ka tarar da wata muryar daban a gurbinta. Sai mai waƙa ya dawo yana so a canza baiti ɗaya, ya riga ya biya, kai kuma ba ka da abin buɗewa.

Na san amsar da wasu za su ba ni: ai Malam zamanin akwati ya wuce, yanzu fulogin ake yi, komai a cikin kwamfuta. Suna da gaskiya rabi. Tun 1999 kamfanin Steinberg ya buɗe hanyar sa kayan kiɗa na manhaja a cikin Cubase, kuma yau Roland da kansa yana sayar da JV-1080 na manhaja, Korg ma haka da Triton. Don haka in ba ka da modul, wallahi kada ka taɓa kuɗin makarantarka don ka saya. Sayi sawunkad da abin kunne mai kyau tukuna. Amma wanda ya riga yake da shi, ko kibod na zaune a gida, bai kamata ya ji kunya ba. Laftof ɗin da yawancinmu ke riƙe da shi na hannu ne, ka ɗora masa fulogin uku masu nauyi ya fara in'ina. Shi kuwa JV-1080 yana iya fitar da sauti 64 a lokaci guda, ya rabu gida 16, kwamfutarka ba ta ɗauki nauyin komai ba. Ga kuma maganar kunne. Kiɗan fiyano da waƙoƙin finafinan Kano suka tashi da shi a kan kibod ɗin Yamaha PSR aka gina shi, kunnen mai biki ya saba da wannan sarewar da wannan gangar. Ka kawo masa wata mai tsada daga intanet, ya ce maka kiɗan bai nuna ba.

To yaya ake fito da sautin? Ba ta ramin makirfo na laftof ba, don Allah. Ramin nan an yi shi ne don ƙaramar muryar makirfo, kunne ɗaya yake ɗauka, kuma sau da yawa kwamfutar tana da wani tsari na rage hayaniya da zai tauna maka kiɗan ya tofar. Ɗora wayar hannu a gaban lasifika kuwa, ba zan ma ɓata tawada a kai ba. Abin da ake buƙata sawunkad ne mai ƙofar shiga biyu, da wayoyin jak manya guda biyu, hagu da dama, daga bayan modul zuwa sawunkad. A duba manhajar ma: bugun FL Studio mafi arha, wanda suke kira Fruity, ba ya naɗar sauti daga waje. Reaper yana yi, ana gwada shi kyauta kwana 60, lasisinsa na masu aikin gida dala 60 ne.

Inda ƙyuya ke shigowa ke nan. Ƙofa biyu tana nufin ba za ka iya ɗaukar kayan kiɗa takwas a rarrabe a lokaci guda ba. Sai mutum ya danna sau ɗaya ya kwashe komai a dunƙule, ganga da bes da sarewa a layi ɗaya. Ya fi babu, amma ka ɗaure hannun wanda zai yi miksin, wanda galibi kai ne. Gobe murya ta shigo, ka ga sarewa tana danne ta, ba yadda za ka rage sarewar ba tare da ka rage ganga ba. Ni a ganina ɗaya bayan ɗaya ya kamata a bi: a yi shiru da sauran, a kunna waƙar daga farko, a naɗi ganga, a dawo a naɗi bes, haka har a gama. Waƙar minti huɗu mai kayan kiɗa takwas, minti 32 ke nan. Mun fi haka zama a layin ɗiban ruwa. Wurin ajiya ma bai kai abin kuka ba, bai fi rabin giga da ɗan kai ba.

Akwai wata riba da ba kowa ya sani ba. Ka taɓa lura murya tana da daɗi in ka kunna ta ita kaɗai, amma da ka haɗa ta da sauran sai ta zama siririya? Ba kunnenka ba ne. A irin su JV-1080, in akwatin ya rabu gida-gida, duk gidajen suna rabon babban injin ƙawata sauti guda ɗaya, murya ɗaya ce ke samun nata cikakke. In ka naɗe su ɗaya-ɗaya, kowace za ta shigo da cikakkiyar kwalliyarta. Amsa-kuwwa ce kawai nake ba da shawarar a kashe, don in ta manne a jikin sauti ba ta fita, ita kuwa ana iya ƙara ta a kwamfuta ko yaushe. Ƙarfin shiga kuma kada a kai shi ja. A sa 24-bit, a bar allura tana kaiwa tsakanin -12 zuwa -6, ya isa.

Bayan an naɗa za ka ga sautin ya ɗan makara a bayan layin awo. Lissafi ne, ba aljanu ba. Sawunkad yana tara sauti kafin ya miƙa, in ka sa shi a 256 a kan gudun 44,100, jinkirin ya kusa milisakan 6 a hanya ɗaya. MIDI ma ba ta da sauri, 31,250 take aikawa a sakan, kowane danni yana cin kusan milisakan ɗaya, kuma a layi suke tafiya, ɗaya bayan ɗaya. Danni goma a kan bugu ɗaya, na ƙarshe zai iya makara da kusan milisakan 10. Wannan ma wani dalili ne na bin su ɗaya-ɗaya. Maganin jinkirin kuwa, ka naɗi bugun ganga ɗaya mai kaifi, ka faɗaɗa hoton, ka auna tazarar, ka ja duk layukan baya da wannan adadin. Ka rubuta lambar a jikin bango in ka ga dama. Kuma kada ka goge MIDI ɗin bayan naɗi, ajiye shi tare da sunan kowace murya da lambarta.

Sai maganar wuta, wadda ita ce ta fi cin kayan mutane. Akwatin da aka yi don kasuwar Japan 100V yake sha, na Amurka 120V, mu kuwa 230V muke da shi. Kafin ka soka a soket, juya bayansa ka karanta. In ka ga 100 ko 120 kaɗai, sai da taransifoma mai rage wuta, in ba haka ba hayaƙi za ka naɗa. In kuma kana jin wani ƙugi a ƙarƙashin kiɗa, zare cajar laftof ka saurara. In ya ɗauke, matsalar daga haɗuwar layukan ƙasa take. Jona komai a soket ɗaya, in bai daina ba a sa akwatin DI a tsakani. Abin da ba za ka yi ba shi ne karya ƙafa ta uku ta fulogi, kamar yadda wasu gwanaye ke ba da shawara. Ƙafar nan don ranka aka sa ta.

Wannan ya kawo ni kan 'yan uwanmu na sashen lantarki, da shugabannin ƙungiya. Akwatin DI ɗin nan ɗan taransifoma ne da soket biyu-uku da makunni a cikin gwangwani. Ƙofar shigar MIDI kuma ɗan guntu ne irin 6N138 da 'yan rezisto, shi ke raba wutar na'ura biyu, kuma shi ne wasu wayoyin USB masu arha ba sa sakawa. Duk shekara muna ganin firojek iri ɗaya, na'urar auna ruwan tanki da inbata, ana kare su a jibge a sito. Me zai hana wasu 'yan ND2 ko HND2 su ɗauki waɗannan, tunda masu saye suna ɗaki na gaba? Ita kuma ƙungiya, kuɗin da take kashewa wajen hayar lasifika a bikin tarbar sababbin ɗalibai ba kaɗan ba ne. Ta ware wani abu ta sayi sawunkad ɗaya mai ƙofa takwas da sitabilaiza, a ajiye a wani ɗaki a sakatariya, a buɗe littafin rajista, ɗalibi ya zo da akwatinsa da laftof ɗinsa ya yi awa biyu. Daraktan walwala, ga abin da za ka kai zaman majalisa na gaba.