Ɗakin Kara, Ina Karar Ta Tafi?

Jama'a, yau da kanikawan babur na birnin Katsina nake. Wanda maganar ta yi wa zafi ya yi haƙuri, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Ina da wani tsohon babur, Boxer, wanda yayana ya bar mini. Shi ne ƙafata daga cikin gari zuwa Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa. Ran nan sai ya fara tari, yana shan mai kamar raƙumi. Sau uku ina kai shi gareji guda. Da farko aka ce kafireto ce, na biya. Na biyu aka ce fulogi, na biya. Na uku aka ce sai an sake fistin da ringi, na zazzage kuɗin littattafaina na bayar. Ko gaisuwa ba a amsa mini sosai, sai dai, "Kai ɗan makaranta, dawo bayan la'asar." La'asar ta zama gobe, gobe ta zama jibi. Da na karɓi babur, tanki ya bushe, tari kuwa yana nan.

A 2024, bayan an sake buɗe iyaka, na tafi gaida kawuna a Maraɗi. Na bi ta Jibiya da Ɗan Isa, ina shiga gari babur ya mutu. Na tura shi wurin wani dattijo bakanike. Ya amsa sallama, ya ba ni benci, ya sa yaro ya kawo ruwa. Sannan ya kwance a gabana, ya zaro soson iska, ƙura ta toshe shi ƙirin. Ya ce, "Ɗana, in iska ba ta shiga, mai ke yawa, buji ya yi baƙi. Ciwon ke nan." Buji shi ne fulogi a bakinsu. Ya dubi kan injin ya ce, "Wannan kuwa an daɗe ba a kwance shi ba." Na ce, "Baba, ai na biya kuɗin fistin!" Ya yi shiru kawai. Kafin ya sa sabon abu sai da ya faɗa mini kuɗinsa, ya kuma ƙulle mini tsohon a leda.

To, ina tambaya, su waye Maraɗawa? Ai Katsinawa ne da suka fita bayan jihadi, har yau Sarkin Katsina ake kiran sarkinsu. Jini ɗaya, harshe ɗaya. Ban ce duk kanikawansu waliyyai ba ne, ban kuma ce namu duk macuta ba ne. Amma mu da ake wa kirari da ɗakin kara, yaya za a yi sai na ƙetare iyaka kafin a yi mini ita?

Na san abin da za a ce: tun da aka janye tallafin mai a 2023 rayuwa ta yi tsada, kasuwa ta cika da kayan jabu. Gaskiya ne. To, su Nijar fa? A shekarar 2023 ɗin aka ƙaƙaba musu takunkumi, har wutar lantarki Nijeriya ta yanke musu. Wai nawa ake sayar da amsa sallama? Nawa ne kuɗin cika alkawari? Shimfiɗar fuska ai ta fi ta tabarma.

Mu ma masu babura da namu laifin. Muna son araha, mu taya aiki kamar gwanjo, mu tafi da bashi. Sai mu gyara. Mu biya haƙƙi, amma mu tsaya a kan abu uku: a faɗi kuɗi kafin aiki, a kwance a gabanmu, a miƙo mana tsohon ƙarfe.

Ku kuma iyayenmu masu gareji, ku tuna yaran da ke riƙe muku sifana ba ɗaurin noti kaɗai suke koya ba, har hali suke ɗauka. Wancan bakanike ya ci kuɗin fistin sau ɗaya, ya rasa ni har abada. Dattijon Maraɗi kuwa, ga shi ina ba da labarinsa a Katsina.

Allah ya sa mu gane, amin.